Akwatin Da Ke Kallon Sama

Sau uku Umma ta tambayi Dogo lafiyar mahaifiyarsa, sau ukun nan bai amsa ba.

Yana zaune a bakin kujerar falo, ya haɗe gwiwoyi, kai a sunkuye irin na mai neman 'yar mutane, sai murmushi yake yi wa kofin shayin da ke hannunsa. Umma ta zauna ta gefensa na hagu, inda ba ta saba zama ba, kuma ta yi maganar can ƙasa-ƙasa, abin da ba halinta ba ne. Auta tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da tire, tana jin komai.

A na ukun ne Auta ta ƙirƙiro tari. Dogo ya ɗago ya dube ta, ya bi inda idonta ya nuna, ya juyo da sauri.

"Na'am, Umma? Shayin ya yi daidai, na gode."

Umma ta dube shi ta daɗe. Daga nan ta miƙe, ta ce ya gaida gida, ta shige ɗaki.

Wanda bai san gidan nan ba zai ce ai ba wani abu ba ne, wa hankalinsa bai taɓa tafiya wani wuri ba? Amma Auta ta san gidansu. Ta raka Dogo ƙofar gida ta dawo tana jin bugun gudumar Baba daga shagon kafintarsa da ke baya. Bugun bai tsaya ba don an yi baƙo, domin Baba bai ma san an yi ba.

Dogo makaɗin jita ne a ƙungiyar da ke wasa duk yammacin Asabar a wani zaure bayan tashar mota. Auta ce ke riƙe da teburin miksa a can ƙarshen zauren, ita ke saita muryar kowa, ta ƙara wannan ta rage wancan, har 'yan ƙungiyar ke ce mata Injiniya. Shekara biyu ke nan suna tare, kuma a faɗi gaskiya Umma ba ta taɓa ƙyamar sana'arsa ba. Ita ce ma ta tare dangi lokacin da suka fara tsegumin wai Auta za ta auri makaɗi, ta ce yaron ba ya sha, ba ya sata, mai wata magana ya kawo ta a fili. Saura kaɗan manya su zauna a tsai da magana.

Sai shekaranjiya Manaja ya zo gaisuwa. Shi ke kula da zauren da ƙungiyar baki ɗaya, kuma ya taɓa neman Auta ta ba shi haƙuri. Ya zo da ledar lemo, ya zauna da Umma kusan awa guda, ya fita yana share baki da hankici. Tun daga ranar Umma ta daina yi wa Auta wasa.

Da Auta ta shiga ɗaki ta tarar da Umma zaune a bakin gado, ko fanka ba ta kunna ba. Umma ta ce ta rufe ƙofa ta zauna.

"Tun yaushe kika sani?"

Auta ta shiga kame-kame, wai gajiya ce, wai kunya ce ta sa ya ruɗe. Umma ta ɗaga mata hannu.

"Auta, ni za ki koya wa kurma? Shekara goma sha tara ina kwana ina tashi da shi."

Nan fa hawaye suka ɓalle wa Auta. Ta amsa cewa ta daɗe tana zargi. In suna tafiya kullum ta hagunta Dogo yake bi, in waya ta shigo sai ya mai da ita kunnen dama. Shi bai faɗa ba, ita kuma tsoro ya hana ta tambaya.

"Amma kunne ɗaya ne kawai, Umma. Ɗayan lafiyarsa lau."

"Na mahaifinki ma da ɗaya ya fara."

Daga nan Umma ta ɗauko magana, ba da faɗa ba, da faɗa ne ma da Auta ta fi samun sauƙi. Ta tuna mata yadda injin yanka katako ya cinye kunnen Baba sannu a hankali, yau a ce ya cika ƙara rediyo, gobe a ce ya yi banza da mai sallama, har aka wayi gari ba ya jin komai sai ƙarar da ke cikin kansa. Ta ce kowa na tausaya wa kurma, ba mai tuna matarsa. Ita ce kunnensa a asibiti, ita ce a kasuwa, ita ce a waya. In abin dariya ya zo mata, kafin ta taɓa kafaɗarsa ta wangale baki ta maimaita sau uku, dariyar ta riga ta huce. In kuwa kuka ne, sai dai ta yi abinta ita kaɗai yana zaune kusa da ita.

"Ranar da yayanki ya rasu," Umma ta ce, "daga asibiti a ƙafa na taho. Na tarar da shi yana goge ƙafar tebur yana 'yar waƙarsa. Na faɗa bai gane ba. Na sake faɗa bai gane ba, don bakina rawa yake yi. Sai da na zare fensir daga bayan kunnensa na rubuta masa a jikin falanki. Da hannuna na rubuta, Auta. Falankin yana nan har yau, ya ƙi yanka shi."

Auta ta zame ƙasa ta rungume ƙafafunta.

"Amma ba ki bar shi ba, Umma."

"Ban bar shi ba, kuma ba zan bar shi ba. Ni ina ciki abin ya same ni. Ke kuwa da idonki biyu kike son shiga."

Auta ta yi ta roƙo har muryarta ta dishe. Can Umma ta share fuska da gefen mayafi, ta ce Manaja ya gaya mata ɗaya kunnen ma ya kama hanya, ita kuma Auta ta ce lafiyarsa lau, to ba za ta yanke hukunci da maganar wani ba.

"Ranar Asabar zan zo zauren nan da ƙafata. In na ga yana jin abin da yake kaɗawa, yana jin 'yan uwansa, zan haɗiye tsorona in sa muku albarka. In kuwa na ga abin da na gani yau a falo, ki cire shi daga ranki. Ba zan tura ki gidan kowa ba, amma shi kam ba da yawuna ba."

Auta ta fita ba ta san inda za ta nufa ba, sai ta tsinci kanta a shagon Baba. Yana tsaye cikin garin katako yana haɗa wata kujera, ya gan ta ya ga idonta, ya ajiye guduma. A bango bayansa, a jikin ƙusa, wani yankakken kwali ne a rataye mai gefe ɗaya a karkace. Kwalin nan ne asalin komai.

Lokacin da ta fara aiki a zauren, lasifikar Dogo akwati ce miƙaƙƙiya da ake ajiyewa a ƙasa a bayansa, tana fuskantar jama'a. Sautin yana wucewa ta tsakanin ƙafafunsa ya tafi, shi ba ya jin kansa, sai ya yi ta ƙara murya. Masu zama a gaba su toshe kunne, mawaƙi ya yi ta harararsa, ita kuma a teburinta ta rasa yadda za ta yi da shi. Faɗansu na farko a kan wannan ne. Ta ce masa a gaban kowa, malam, gwiwa ba ta da kunne, me ya sa kake kaɗa mata?

Washegari ta zo da tef ɗin awon Baba. Ta tsai da shi a inda yake tsayawa, ta auna daga ƙasa zuwa kunnensa, yana dariya yana cewa rabonsa da awo tun wurin tela. Ta zana a jikin kwalin nan akwati mai karkatacciyar fuska, wanda za a ajiye a gabansa, ya ba jama'a baya ya kalli sama, daidai saitin kansa. Baba ya yanka ya haɗa, ita ta manna baƙin ƙyalle a fuskarsa. Dabarar ita ce ya ji kansa da kyau don ya rage murya, ita kuma ta kafa makirfo a bakin akwatin ta kai wa jama'a ta manyan lasifiku daidai yadda kunne zai ɗauka.

Abin kuwa ya yi. Sautin zauren ya fita tas, aka yi ta yaba hannun Injiniya, har wasu makaɗa suka riƙa zuwa wurin Baba a yi musu irinsa. A gefen akwatin nan ne Dogo ya fara ce mata yana sonta.

Baba ya bi idonta zuwa kwalin, ya yi magana da muryar nan tasa mai ƙarfi wadda ba ya iya aunawa.

"Yaron da muka yi wa akwatin nan, bakinki yake kallo in kina magana. Na daɗe da lura. Haka nake yi wa uwarki."

Auta ta ɗauke ido daga kwalin ta dube shi. Wata da watanni tana sunkuyar da kai in Dogo ya kafe bakinta da ido, tana jin daɗi a ranta, ta ɗauka so ne kawai.

"Kar ki bari ya ƙara tsayawa gaban ƙara," in ji Baba. "Ni da na sami wanda ya kashe mini injin can da wuri..."

Bai ƙarasa ba, ya ɗauki gudumarsa.

Ranar Juma'a da hantsi Auta ta je zauren. Kujeru na jere a kan juna, ba kowa sai Dogo a bakin dandamali yana sauya wa jitarsa tsirkiya. Ta tsaya a bayansa ta hagu ta kira shi. Ta sake kira. Sai da ta zagayo gabansa ya ɗago da fara'a, fara'ar ta mutu da ya ga fuskarta.

Ya fara da wasa, wai ita ce ta koyi magana kamar sauro. Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya jawo jakar jita, ya zuge wani ƙaramin aljihu, ya miƙa mata takarda da ta sha ninki. Ta likitan kunne ce, wata huɗu da rubutawa. Na hagu ya tafi ba zai dawo ba. Na dama ya rasa kusan rabi. Likita ya ja layi biyu a ƙarƙashin inda ya rubuta cewa ya nisanci ƙara gaba ɗaya.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Don na san abin da ke gidanku."

Auta ta hau dandamalin. Shekara biyu tana aiki a zauren nan, amma ba ta taɓa tsayawa a inda yake tsayawa lokacin da akwatin ke kunne ba, wurinta can baya ne, taku talatin daga nan. Ta lura akwatin ya koma ta dama, ta tuna ya ce mata wai waya ce ta gajarce. Ta sunkuya ta duba amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa akwatin murya, da maɓallinta da ake murɗawa daga ɗaya zuwa goma. A kan uku ta bar shi ranar da suka kawo akwatin. Yanzu yana kan takwas.

Ta tsaya daidai sawunsa ta ce ya kunna ya kaɗa. Ya ƙi, ta nace. Ya kunna, ya ja tsirkiyoyin sau ɗaya tak.

Ji ta yi kamar an kwaɗa mata falanki a gefen fuska. Ta ja da baya ta dafe kunne, idonta ya kawo ruwa, wata siririyar ƙara ta tashi a cikin kanta ta ƙi tsayawa. Wannan ne abin da yake tsayawa a gabansa awa biyu duk Asabar, ban da ranakun gwaji.

A nan ta gane abin da ta yi. Duk lokacin da ya ƙara murya, fitilar layinsa a teburinta takan haura ja, ita kuma sai ta ja maɓallinta ƙasa kaɗan, sauti ya koma daidai, ta ji daɗin iya aikinta. Wannan makon kaɗan, mako mai zuwa kaɗan. Da tsohon akwatin ne da jama'a sun yi ƙorafi tun ranar farko. Wannan kuwa ya ba su baya, ita ma ya ba ta baya, ya tattara ƙarar duka ya zuba a wuri ɗaya.

"Ni na auna," ta ce, tana kuka. "Da tef na auna daga ƙasa zuwa kunnenka, don kar ya kuskure."

Dogo ya ajiye jita ya durƙusa a gabanta. Ya rantse ba laifinta ba ne, mai ganga ne ke da nauyin hannu, shi kuma da hannunsa ya riƙa murɗawa. Ta gaya masa abin da Umma ta yanke, ta roƙe shi don girman Allah kar ya hau dandamali gobe. Ya girgiza kai, ya ce in bai hau ba ai ya amsa laifi tun kafin a tambaye shi.

"Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu ban san wani aiki ba sai wannan. In na sauka yau, me zan kawo gidanku? Kurma kuma mara sana'a? Ki bar ni in yi ta gobe kawai. In Umma ta yarda, wallahi zan sauka, ko gyaran jita ne in koma yi."

Sun daɗe suna ja, ita kuka shi lallashi, har ta gaji. A ƙarshe ta mai da maɓallin kan huɗu, ta ɗauko jan salatif ta manne shi, ta tura akwatin baya taku biyu. Ta sa ya ɗora hannu a kan akwatin ya yi mata alkawari ba zai taɓa maɓallin ba, ya yi yana kallon bakinta.

Tana fita ta ci karo da Manaja a ƙofar ofishinsa, yana juya makullin mota a yatsa. Ya ce ya san tana fushi da shi, amma ta faɗa masa in ƙarya ya yi. Ya ce wata uku ke nan Dogo na shiga waƙa a makare, mawaƙi ya kawo ƙara sau biyu, don darajarta kawai ya bar shi, kuma akwai wani makaɗin da ke jiran kira. Sannan ya sassauta murya ya ce maganarsa ta da tana nan.

"Ni ko raɗa kika yi zan ji ki, Injiniya."

"To ji wannan," ta ce a hankali. "Ko kai kaɗai ka rage, ba na yi."

Ya yi murmushi ya matsa mata ta wuce, bai nuna ya ji zafi ba.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu zaure ya cika. Manaja da kansa ya kai Umma da Baba layi na uku, ya sa aka kawo musu ruwa. Daga teburinta Auta na hango bayan kan Umma, da Dogo a can sama cikin farar riga, da baƙin akwatin a gabansa ya ɗaga fuska yana kallonsa.

Waƙa uku suka wuce lafiya. Dogo bai ɗauke ido daga hannun mai ganga da bakin mawaƙi ba, da ido yake bin su, amma wanda bai sani ba ba zai gane ba. Auta ta ga kafaɗun Umma sun sauko, har ta ga tana ɗan buga yatsa a hannun kujera.

A waƙa ta huɗu jama'a suka miƙe, mai ganga ya ji daɗi ya saki hannu. Dogo ya shigo a makare. Mawaƙi ya juyo ya harare shi. Ya sake makara, wannan karon har wasu a gaba suka dubi juna.

Auta ta ga ƙafarsa ta miƙa ta jawo akwatin kusa. Ta ga ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, ya miƙe da jan salatif manne a yatsa, ya goge shi a wando. Fitilar layinsa ta haura ja. Kafin ta yi tunani hannunta ya riga ya ja maɓallin ƙasa, yadda ya saba. Ta dubi hannun nata kamar na wani ne.

Ya sake sunkuyawa, fitilar ta sake haurawa. Ya saurara, ya karkata kai dama, fuskarsa ta nuna bai sami abin da yake nema ba. Ya sunkuya a karo na uku ya murɗa har maɓallin ya tsaya. Daga nan ya miƙe ya rufe ido, ya kafa ƙafa a katakon dandamali inda bugun ganga ke ratsowa, ya shiga ɓangaren waƙar da ake sakar masa fili shi kaɗai.

Kuma ya kaɗa. Auta ba ta taɓa jin ya kaɗa haka ba. Zaure ya ɗauki tafi, Umma ta juya ta dubi Baba tana murmushi, murmushin da Auta ta kwana huɗu tana nema.

Minti goma sha biyar ya rage a tashi. Abin da ake so daga gare ta kawai ta zauna, ta riƙe maɓallinta a ƙasa, ta yi shiru. Jama'a za su ji sauti tas, Umma za ta koma gida ta sa albarka, ba wanda zai san me ke faruwa a taku ɗayan nan tsakanin akwatin da kansa. Ita kaɗai ta sani, don jiya ta tsaya a wurin, kuma jiya a kan takwas ne.

Sai ta ga Baba. Shi ba Dogo yake kallo ba, akwatin da ya haɗa yake kallo, yadda yake karkarwa a kan katako har yana ɗan matsawa. Ya juyo a hankali ya neme ta a bayan zaure, ya kafe ta da ido.

Teburinta manyan lasifiku kawai yake iya kashewa, ba shi da iko da akwatin. Ta miƙe ta bi ta gefen bango. A ranta tana cewa ba komai, zai tsaya nan take, zai harare ta, za a ce waya ce ta sami matsala, a nemi afuwa a tashi. Umma ta riga ta ga waƙa uku da rabi, wataƙila su isa. Ta hau matakala uku na gefen dandamali, ƙarar ta sake kwaɗa mata mari, ta sunkuya ta fizge wayar wutar amfilifaya daga bango.

Jitar ta ɗauke ɗif.

Dogo bai tsaya ba.

Idonsa a rufe, kansa na kaɗawa, yatsunsa na gudu a kan tsirkiya sama da ƙasa. Mawaƙi ya sauke makirfo. Mai fiyano ya ɗage hannu. Mai ganga ne kawai, da yake kansa a sunkuye, ya ci gaba da bugu, Dogo kuma yana bin bugun ta tafin ƙafa, yana ciza leɓe, yana zuba duk abin da ya iya a cikin jitar da ba ta fitar da komai. Wani a baya ya yi dariya, aka ce masa ya yi shiru. Da mai ganga ya ɗago ya ga abin da ke faruwa ya tsai da sandunansa, sai aka ji 'yar ƙaramar ƙarar tsirkiya, ƙyas-ƙyas, ita kaɗai a cikin zaure mai ɗaukar mutum ɗari uku.

Da bugun ya daina zuwa masa ta ƙafa ne ya buɗe ido, da murmushin mai jiran tafi. Ya ga fuskoki. Ya ga Manaja a jingine da bango ya harɗe hannu. Ya juyo ya ga Auta tsaye, wayar na lilo a hannunta.

Ya dubi wayar, ya dubi akwatin, ya sa yatsa a kunnen dama ya girgiza. Ya matso ya kama hannunta.

"Tun yaushe?"

Da ƙarfi maganar ta fito, muryar da ba a auna ba, irin wadda Auta ta tashi tana ji daga bayan gidansu.

Ta ba shi amsa. Ya yamutsa fuska ya matso, idonsa a kan bakinta. Ba ta san lokacin da ta yi ba, sai ga hannunta a kafaɗarsa, ta juyo da fuskarta saitin haske, ta wangale baki tana maimaita kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana nuna masa da yatsu. Ba wanda ya koya mata wannan, a gida ta gani.

Umma ma ta gani. Ta miƙe a hankali, ta kama hannun Baba ta tashe shi, suka fito tsakiyar hanya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta buƙata, zauren tsit yake.

"Auta. Taso mu tafi gida."

Duk wanda ke zauren ya ji, ban da mutum biyu, wanda Umma ke riƙe da hannunsa da wanda ke riƙe da hannun Auta.

Dogo ya ga bakin Umma ya motsa, amma ta yi masa nisa. Ya ƙara damƙe hannun Auta, ya mai da idonsa kan bakinta yana jira.

"Me ta ce?"